Shekaruna 38, ban iya tsayuwa a kan ƙanƙara ba: in fara koyon zamiya ne ko in faɗa hoki kai tsaye?

Baban Ilham
Assalamu alaikum mutanen zaure. Tambaya gare ni, amma don Allah a yi mini dariyar kaɗan-kaɗan.

Shekaruna 38. Tun da 'yata ta shiga ƙungiyar hokin ƙanƙara ta yara nake kai ta atisaye sau biyu a mako, in zauna a benci ina rawar sanyi har a tashi. Tun ina kallon agogo har na koma kallon wasan, yanzu abin ya shiga raina, ni ma so nake in buga. To amma ban taɓa sa takalmin zamiya ba sai ranar Asabar ɗin nan. Na yi hayar takalmi na shiga. Minti ashirin na kwashe kafin in zagaya filin sau ɗaya, hannuna bai saki katanga ba ko na daƙiƙa guda. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba ta ja birki a gabana, ta tambaye ni ko ta kira mini wani babba.

Filin suna da aji biyu na manya. Ɗaya na koyon zamiya zalla, mako takwas, babu sanda. Ɗayan na masu son fara hoki ne, da sanda da cikakken kayan kariya tun ranar farko, kuma sun ce ko ba ka iya komai ba ka zo. Na daɗe ina buga ƙwallon ƙafa, jikina bai mutu ba. Wanne zan shiga?

Kawu Mai Furfura
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Ni ina da 46 na fara, yanzu ina 53 kuma har gobe ina bugawa, saboda haka batun shekaru ka cire shi daga lissafi.

Ajin zamiya za ka shiga. Ka je ka kalli wasan manya na nishaɗi, ka zaɓi mutum ɗaya ka bi shi da ido tun daga farko har a tashi. Duk lokacin da faifan robar nan da suke kira fak ya zauna a kan sandarsa, in ka tara shi, da ƙyar ya yi minti ɗaya. Sauran awa gudan fa? Ƙafa ce. Gudu, birki, juyi, komawa da baya. Wanda bai iya waɗannan ba, ba hoki yake bugawa ba, kallo ya shigo yi daga cikin fili.

Ma'aunina uku ne kafin mutum ya riƙe sanda a cikin jama'a: ya iya tashi in ya faɗi ba tare da ya rarrafa zuwa katanga ba, ya iya tsayawa ta dama da ta hagu, ya iya tafiya da baya daga ɗaya shuɗin layin da aka ja a gicciyen fili zuwa ɗayan.

Gagarabadau
Da girmamawa Kawu, ni ban yarda ba. Ina 27 na shiga ajin hoki kai tsaye, ban taɓa zuwa ajin zamiya ba ko sau ɗaya. Abin da ke kayar da sabon shiga tsoro ne, ba ƙafa ba. In kana zagaya fili hannu rabbana, hankalinka duk yana kan ƙafafunka, jikinka ya sandare kamar itace. Amma da an jefa maka fak, ka ga wani zai riga ka, wallahi mantawa kake da cewa ba ka iya ba, sai dai ka ga ka isa wurin. Sannan kayan hoki sulke ne. In ka faɗi a ciki ko a jikinka. Ga sandar ma ta zama maka ƙafa ta uku.

Kuma a faɗi gaskiya, da yawa masu cewa "sai na ƙware a zamiya tukuna" har yau ba su riƙe sanda ba. Shekara ta zagayo, sha'awar ta mutu.

Maman Sadiq
Ƙanena Gagarabadau, da bakinka ka faɗi ciwon: ƙafa ta uku. Ai nan ne ɓarnar take. Duk wanda ya koyi zamiya yana dogara sanda, a tsaye ƙiƙam yake tafiya, ya sunkuyo daga ƙugu, nauyinsa yana kan sandar maimakon cinyoyinsa. Ranar da wani ya ɗage masa sandar nan da tasa, sai ƙasa. Na gan su da yawa, wasu shekara uku suna wasa amma ta gefe ɗaya kawai suke iya juyawa.

Ni da yarana na fara, ina 35. Kocinmu wata dattijuwa ce da ta yi wasan rawar ƙanƙara a ƙuruciyarta, kuma da na gaya mata hoki nake nufi ba rawa ba, cewa ta yi ƙanƙarar ba ta san bambanci ba. Gaskiyarta. Ko 'yan NHL, babbar gasar ƙwararrun hoki ta Amurka da Kanada, da ake biya miliyoyi suna da malaman zamiya daban da kocin wasa. Laura Stamm tun shekarun 1970 take wannan aikin, da horar da Bob Nystrom, ɗan wasan ƙungiyar New York Islanders, sunanta ya fita. Barbara Underhill, wadda ta ci gasar duniya ta rawar ƙanƙara ta mutum biyu a 1984, ta yi shekaru tana gyara wa 'yan Toronto Maple Leafs taku. To in waɗannan suna ajiye sanda su koma aji, mu su wa?

Gagarabadau
Anti ai su gyara suke yi, ba koyo ba. Kuma sun yi shekara ashirin suna buga wasan kafin a gyara musu. Wannan ma hujjata ce.

Maman Sadiq
Sun yi shekara ashirin suna bugawa bayan sun iya zamiya tun ba su iya ɗaura igiyar takalmi ba. Kada ka juya mini magana.

Ɗan Tsakar Dare
Ni fa ina ganin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wayne Gretzky, shahararren ɗan hokin nan na Kanada, yana shekara biyu aka ɗora shi a kan ƙanƙara, mahaifinsa har fili ya yi masa a bayan gida. Mutum mai 38 me zai tarar? Ka dai ci gaba da kai yarinya, Allah ya yi mata albarka.

Kawu Mai Furfura
Wa ya ce maka NHL zai je? Mutum ya ce yana so ya buga wasa da tsaransa da daddare bayan an tashi aiki, kai kana kawo masa Gretzky. Gemu ba ya hana ilimi. Kusan kowane fili da ke da ƙungiyoyin manya yana da rukunin sababbin shiga, kuma a yawancinsu ma an hana bangaza da gangan. Shirye-shiryen koyarwa irin CanSkate na Kanada da Learn to Skate USA na Amurka duk suna karɓar manya.

Injiniya Sabo
Bari in shigo ta wata ƙofar, domin ina ganin Baban Ilham bai san abin da ya taka ranar Asabar ba, kuma sanin zai rage masa rabin wahala.

Ƙarfen da ke ƙasan takalmin nan ba wuƙa ba ce mai kaifi ɗaya. Kaurinsa kusan milimita 3 ne, kuma in ka juya shi ka duba da kyau, tsakiyarsa a rarake take kamar ƙaramin kwari, sai ya zama yana da kaifi biyu: na ciki da na waje. Ƙafa biyu, kaifi huɗu ke nan. Duk abin da ake yi a kan ƙanƙara da waɗannan huɗun ake yi. In ka miƙar da ƙarfen sak, kaifi biyun suna ƙasa daidai, sulalewa za ka yi. In ka ɗan karkata shi, kaifi ɗaya ya ciji ƙanƙara, sai ka sami abin tokarawa.

Shi ya sa takun ƙwallon ƙafa ba ya aiki a nan. A ƙasa, baya kake tura ƙafa don ka yi gaba. A ƙanƙara in ka tura ƙafa baya sak, babu abin da zai riƙe ta, zamewa za ta yi ka ci da baki. Gefe ake turawa, gefe da ɗan baya-baya, da kaifin ciki, sannan ka sulale a kan ɗaya ƙafar. Kuma turawar ba za ta yi tsawo ba sai gwiwa ta lanƙwashe. Miƙaƙƙiyar ƙafa ba ta da sauran abin da za ta miƙe.

Abu na biyu, ƙarfen takalmin hoki ba a shimfiɗe yake ba. Daga gaba zuwa baya a ɗan gantsare yake kamar cikin kwalekwale, ɗan tsakiyarsa ne kawai ke taɓa ƙanƙara. Wannan ne ke sa a iya juyawa da sauri, shi ne kuma ke sa in ka jingina baya kaɗan ƙafafun su gudu su bar ka.

Gagarabadau
Kocinmu kullum cewa yake a hau bakin ciki, wato kaifin cikin nan, a sauka daga bakin ciki. Na ce masa ranka ya daɗe ni tun da na shigo filin nan a cikin baƙin ciki nake.

Baban Ilham
Hahaha. Injiniya Allah ya ƙara basira, yanzu na gane abin da ya sa nake ta gudu a wuri ɗaya kamar an ɗaure ni. To amma idon sawuna fa? Duk sun karkace ciki, har na ce ko nawa ba su da ƙarfi ne.

Injiniya Sabo
Da wuya laifin idon sawunka ne. Takalmin haya ne: ya sha ƙafafu har ya saki, ƙarfen ya dakushe, kuma ina kyautata zaton lambar takalminka na yau da kullum ka karɓa. Takalmin hoki yawanci yana gaza lambar takalmin mutum da ɗaya ko ɗaya da rabi. Yatsunka su ɗan shafi gaba in kana tsaye, in ka lanƙwasa gwiwa su janye, diddige kuma ya kafe kada ya ɗaga. Safa siririya guda ɗaya, ba biyu masu kauri ba.

In za ka saya, ka je inda za a auna ƙafarka, tsawo da faɗi. Kamfanonin Bauer da CCM duk suna da na faffaɗar ƙafa da na siririya. Kada ka sayi na ƙwararru, taurinsa zai hana ka lanƙwasa idon sawu. Da yawa ana ɗumama su a wani ɗan tanda a shagon, ka sa da ɗuminsu su ɗauki siffar ƙafarka. Kuma sabon takalmi ba ya zuwa da washi, sai an wasa shi. Na san wanda ya fito da nasa daga kwali ya shiga fili, da ƙafafun suka rabu bai ƙara haɗa su ba sai a ƙasa.

Wajen washi za su tambaye ka lambar kwarin, wato ma'aunin lanƙwasarsa; in lambar ta ƙaru, zurfin kwarin raguwa yake yi. Rabin inci shi ne gama-gari. In kana da jiki ka gwada 5/8 na inci, bai kai shi cizo ba, kuma ya fi sauƙin koyon birki.

Hajiya Ta Gabas
Tambaya daga gefe: ba gara ya fara da takalmin 'yan rawa ba? Na ji an ce ya fi sauƙin tsayuwa.

Maman Sadiq
Hajiya ya fi sauƙi kam, ƙarfensa ya fi tsawo kuma ya fi shimfiɗuwa. Amma yana da haƙora a gaba, kuma sabon shiga yakan saba tokarawa da su. Ranar da ya koma na hoki ya nemi haƙoran ya rasa, sai goshi. Tunda hoki ya nufa, ya sha wahalar sau ɗaya.

Anti Nas
Ina ta karantawa ina jiran wani ya taɓo abin da ya fi damuna, ba wanda ya taɓo.

Yaro ɗan shekara biyar in ya faɗi, daga ina ya faɗo? Da ƙyar tsayinsa ya haura mita ɗaya, ga jiki ba nauyi, ya tashi yana dariya. Babba mai kilo 85 faɗuwarsa daban ce. Raunuka biyu na fi gani a wurin manya masu koyo: karayar wuyan hannu, saboda mutum ya miƙa tafin hannu ya tare ƙasa, da buguwar ƙeya, saboda ƙafafu sun yi gaba kai ya yi baya. Ta biyun ce mai ban tsoro.

Saboda haka a nan ina tare da Gagarabadau rabi. Baban Ilham, ko ajin zamiya ka shiga, ka sa hular kwano ta hoki, da kariyar gwiwar hannu, da ta ƙwauri, da wandon nan mai soso da ke kare ƙugu da mazaunai, da safar hannun hoki. Babu dokar da ta ce sai mai sanda zai sa su. Mutum in ya san faɗuwa ba za ta yi masa illa ba, jikinsa sakewa yake yi, kuma sakakken jiki ne ke koyo. In ka ji za ka tafi, ka durƙusa ka ɗora hannu a gwiwa, ka faɗi ta gefe, haɓa a ƙirji. Ka kuma tattara yatsunka da zarar ka kai ƙasa, akwai masu wucewa da ƙarfe a ƙafa.

Inda ban bi shi ba shi ne wannan: wanda bai iya birki ba, ba kansa kaɗai ya sa a haɗari ba. Mutum ya taho da gudu, ga sanda a hannu, ba abin da zai tsayar da shi sai katanga ko bayan gwiwar wani. Ni kaina an taɓa kwashe mini ƙafafu ta baya a wani wasan sababbin shiga, wata biyu ina ɗingishi. Bawan Allah ya yi ta ba ni haƙuri, kuma na san ba da gangan ba ne, amma haƙurin bai ɗaura mini jijiya ba.

Gagarabadau
Allah ya ƙara kiyayewa Anti. Amma ajin koyon hoki daban, wasa daban. A aji ba a sakin mutane su yi ta karo, rabin lokacin ma zamiyar ake koyarwa.

Kawu Mai Furfura
Rabin lokaci, ga mutum ashirin a gaban koci ɗaya, kowa da sanda yana leƙen fak. Yaro, ka faɗa mana tsakaninka da Allah: kana iya birki ta hagu?

Gagarabadau
Kawu wannan kuma tonon asiri ne.

Kawu Mai Furfura
Shekara nawa kana wasa?

Gagarabadau
Huɗu. Amma ina cin ƙwallo, kai fa? Wasu sun iya zamiya kamar tsuntsaye, in aka ba su fak sai su rasa inda za su sa kansu. Kwalliya ba ta cin wasa.

Shugaban Zaure
Jama'a a sassauta. Mai tambaya shawara ya nema, ba dambe ba.

Kawu Mai Furfura
Ba faɗa ba ne shugaba, ɗana ne. Kuma ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A lokacin da ake buɗe fili ga kowa da kowa, yawanci ta hannun hagu ake zagayawa, saɓanin tafiyar agogo. Sai mutum ya wayi gari gefe ɗaya ya ƙware, ɗayan kamar na aro. Ni ma haka na yi. Sai da na koma ina zuwa da sassafe lokacin da ba kowa, in tsaya a da'irar tsakiya ina zagayawa ta dama ina harɗe ƙafa, ina faɗuwa, wata uku cur. Baban Ilham, duk abin da aka koya maka, ka yi sau biyar ta gefen da ke maka daɗi, sau goma ta gefen da ba ya yi.

Birki kuma ga yadda za ka fara, tun kafin aji. Ka riƙe katanga da hannu biyu, ka durƙusa kaɗan, ka tura ƙafa ɗaya gefe kana kankare saman ƙanƙarar har gari ya taru. Ba sara za ka yi ba, kankara. In ƙarfen ya cije ya ƙi tafiya, ka karkata shi da yawa, ka ɗan miƙar. Ranar da ƙafarka ta gane wannan tsakanin, tsakanin cizo da sulɓi, ka sami birki. Sauran, wato juya ƙugu gaba ɗaya ka tsaya a gicciye kana watsa gari irin na 'yan wasa, ƙari ne a kan wannan.

Ɗan Tsakar Dare
To ya zama mai tsaron raga mana, tunda shi a tsaye yake wuri ɗaya.

Mai Tsaron Raga
Kai! Wa ya gaya maka? Ka sa katifun nan a ƙafa, ka durƙusa, ka zame daga wannan turken raga zuwa wancan, ka miƙe, ka koma, duk a cikin daƙiƙa biyu, sannan ka dawo mu yi magana. A ƙungiya, in ba mai tsaron raga ne ya fi kowa iya sarrafa kaifi ba, to yana cikin na gaba-gaba. Kada ku tura mana bawan Allah ya zo ya yaga cinya.

Tunda na shigo, Baban Ilham, ranar da ka fara riƙe sanda ka sa wa hular kwanonka ragar ƙarfe ta rufe fuska duka. Fak roba ce mai tauri, faɗinta inci uku, kaurinta inci ɗaya, nauyinta ya kusa giram 170, kuma sababbin shiga ba su san inda sandarsu take tashi ba. Willie O'Ree, baƙar fata na farko da ya buga NHL a 1958 da Boston Bruins, da ido ɗaya ya yi wasan, fak ce ta lalata masa na dama tun kafin ya kai can. Ka haɗa da kariyar wuya. Bayan rasuwar ɗan wasan hoki Adam Johnson a Ingila a watan Oktoba na 2023, da ƙarfen takalmi ya yanke shi a wuya ana cikin wasa, hukumar hoki ta duniya IIHF ta wajabta ta a gasanninta. Mu ma a ƙungiyarmu tun lokacin ba mai shiga babu ita.

Hajiya Ta Gabas
Innalillahi. Allah ya tsare.

Baban Ilham
Amin. Na gode ƙwarai jama'a. Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, kuma ina jin shi ne ainihin abin da ya sa nake karkata ga ajin hoki. Kunya. Ajin zamiyar ana yin sa ne lokaci ɗaya da na yara, an raba filin da 'yan robobi. Iyayen da muke zama da su a benci duk za su gan ni ina tatata. A ajin hoki kuwa da daddare ne, kowa fuskarsa a rufe.

Maman Sadiq
Yawwa, yanzu ka yi magana. Yaya, ni na yi wannan tatatar a gaban iyayen, da ƙaton gilashi tsakaninmu suna shan abin ɗumi suna kallo. Mako na farko ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Ka san me ya faru? A mako na uku uwa ɗaya ta tare ni a wajen cire takalmi, ta rage murya ta ce a ina ake rajista. Zuwa zango na gaba mu huɗu ne daga bencin nan. Yawancin masu kallon ba dariya suke ba, lissafi suke ko su ma za su iya.

Kuma akwai abin da yara suka fi mu, ba ƙashi mai laushi kawai ba. Yaro ba ya jin faɗuwa abin kunya ce. Darasin farko da ake ba su shi ne su zube da gangan su tashi: gwiwa biyu a ƙasa, a kafa ƙafa ɗaya, a dafa gwiwar da hannu biyu, a miƙe. Sau goma, sau ashirin, suna ƙyaƙyatawa. Mu kuwa sai mu ɓata awa guda muna ƙoƙarin kada mu faɗi, mu tashi ba mu koyi komai ba sai riƙon katanga. Kocinmu in aka tashi takan duba gwiwoyinmu, wanda ba ta ga gari a wandonsa ba ta ce yau bai zo aji ba.

Ita Ilham ɗin kuma, ka bari ta gan ka kana faɗuwa kana tashi. Sadiq ɗina har yau labarin da ya fi so ya ba mutane shi ne shi ya koya wa mamarsa tafiya da baya.

Injiniya Sabo
Ƙari kaɗan: aji sau ɗaya a mako ba ya isa. Ka nemi ƙarin zuwa ɗaya ko biyu, ko na minti talatin ne. A gida kuma ka riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya kana ɗan durƙusawa, domin zamiya in ka tace ta, tsayuwa ce da ƙafa ɗaya ana musanyawa. Takalmi mai taya yana taimaka wa taku da ƙarfin cinya, amma birkinsa daban ne, kada ka ɗauko shi ka kawo ƙanƙara. In ka fito ka goge ƙarfen ya bushe kafin ka sa a jaka, in ba haka ba tsatsa.

Gagarabadau
To ni dai ga inda zan sauko. Ya yi mako takwas ɗin, na yarda. Amma ranar da ya gama, ya yi rajistar ajin hoki a ranar, kada ya ce sai ya ƙara wani zangon, sai ya ƙara wani. A gida kuma ya sayi sanda tun yanzu da 'yar ƙwallo, yana juya ta a daɓe yana kallon talabijin, hannu ya saba ba sai ido ya duba ba.

Kawu Mai Furfura
Wannan na sa hannu. Har ma in ya shiga hokin, kada ya bar na zamiyar. Kai ma akwai gurbi a ajin, ka zo a gyara maka hagun nan.

Baban Ilham
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan mako biyar. Ajin zamiya na shiga, da hular kwano da duk sulken da Anti Nas ta lissafa. Mu bakwai ne, akwai wani dattijo da ya ba sittin baya.

Na sayi takalmi, lamba ɗaya da rabi ƙasa da nawa kamar yadda Injiniya ya ce, idon sawu ya daina karkacewa a ranar. Mako biyu na farko tafin ƙafata kamar ana hura wuta, ashe ɗaure igiyar nake da ƙarfi tun daga yatsu. Yanzu tsakiya sassauƙa, wajen idon sawu tamau.

Abin da ya fi ba ni mamaki: na rantse ina durƙusawa sosai, har Ilham ta ɗauke ni bidiyo. Na kalla na ga mutum a tsaye kamar turken fitila. Koci ya ce in durƙusa har in daina hango yatsuna saboda gwiwa, in na ji cinya ta fara zafi to na kusa. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Batun ƙwallon ƙafa kuma da na yi taƙama da shi, na janye. Yanzu na gane abin da ya sa 'yan NHL yawanci ba sa wuce kamar daƙiƙa 45 a fili kafin a canza su.

Ina tashi ba katanga. Ina birki ta dama. Ta hagu ina juyawa ne kamar fanka in zauna. Da baya kuma ina tafiya, sai dai wanda ke tsaye ma yana iya riga ni. Saura mako uku, kuma na riga na sa sunana a ajin hoki na zango mai zuwa, Gagarabadau ka shaida.

Anti Nas
Ma sha Allah. Wuyan hannu lafiya?

Baban Ilham
Lafiya lau Anti. Mazaunai ne dai suka san an yi aiki.

Hajiya Ta Gabas
Baban Ilham, ajin naku akwai mata? Kuma dattijon nan mai sittin, da katanga ya fara shi ma? Ba don kaina nake tambaya ba.

Maman Sadiq
Hajiya, lamba nawa kike sawa?